Ta'aziyyar da Na Je a Mandera

Aikina a wajen Alhaji shi ne ɗauko keke. Ba ni ke ba da bashi ba, ba ni ke rubuta takarda ba, karatuna bai kai nan ba. Alhaji yana da fili a bakin hanya a Bodinga, inda yake ba mutane keke mai ƙafa uku, wanda ake kira agwagwa da buje, su riƙa biya mako-mako har ya zama nasu. Wanda ya tsallake mako uku, ni ake turawa, kuma duk keken da na shigo da shi fili akwai ladana a kai. Kafin nan kabu-kabu nake yi, har bayana ya ƙi.

Kowane keke kafin ya fita sai an ɓoye masa tiraka a cikin wayoyin wuta. 'Yar abu ce kamar akwatin ashana, ita ke nuna wa wayar hannu inda keken yake. Da, in mutum ya gudu, sai ka bi tasha-tasha kana tambaya, kuma direba ba ya tona direba. Yanzu jan ɗigo ne a fuskar waya. Na iya karanta ɗigon nan fiye da yadda nake karanta sunana.

Akwai wani mutumin Mandera, sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan, manomin albasa da ya haɗa da tuƙi. Ya fi shekara yana biya bai taɓa saɓawa ba, saura 'yan watanni keken ya zama nasa. Sai biya ya tsaya. Ɗigonsa ya bar hanyar kasuwar Shagari, ya koma tsakanin Mandera da birni, ya tafi da safe ya wuni wuri ɗaya ya dawo. Ban tambayi kaina me ke a wurin ba. Asibiti ne, daga baya na sani. Sannan ɗigon ya tsaya cak a Mandera, kwana biyu bai motsa ba.

Alhaji ya miƙo mini mukullin ajiya, ya ce, "Mutuminka ya ɓoye shi. Tahi ka gani kahin su kwance mashi ƙahwahu."

Na hau mota zuwa Shagari, na hau kabu-kabu zuwa ƙauyen, ina bin waya har ta kai ni ƙofar wani gida. Ga keken nan ƙarƙashin dogon yaro, ba wanda ya ɓoye shi. Kusa da shi tabarmi ne shimfiɗe, maza sun kai talatin zaune, ana ja da carbi. Ko yaro ya san zaman makoki in ya gan shi.

Ba a wuce irin wannan zama a tsaye. Na cire takalmi, na durƙusa gaban dattijon da ke tsakiya, na ce, "Baba, ya muka ji da haƙuri? Allah shi gahwarta mai." Ban ma san wa ya rasu ba. Aka shafa fatiha. Da na ɗaga kai sai muka haɗa ido da mai keken, yana zaune gefen dattijon, idanunsa sun faɗa. Mahaifinsa ne ya rasu. Dattijon kuma ƙanin mahaifin ne.

Ya san ni sarai. Duk mai keken Alhaji ya san abin da fuskata ke nufi. Dattijon ya juya ya ce masa, "Wanga baƙo hwa?"

"Abokin sana'ata na, Baba. Daga Bodinga."

"Daga Bodinga, cikin wagga rana? Allah shi ba ka ladan zumunci. Ku kawo mashi hura."

Na sha furar. Har yau in na tuna, abin da ya fi tsaya mini a maƙogwaro ke nan, na sha har na kusa ganin gindin kwanon, don ina jin yunwa. Wani tela da ke kusa da ni yana ta tsokanata, wai mutanen Bodinga ba su zuwa gaisuwa sai sun ji ƙanshin nono. Na yi dariya tare da su. Mukullin yana cikin aljihuna yana tokarar cinyata.

Mai keken ya matso ya yi ƙasa da murya. "Malam, gobe anka sa sadakar uku. Ka bari a watse. Ni da kaina zan zo wajen Alhaji."

Na ce, "Ba komi."

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in zaga bayan gida in kira Alhaji in gaya masa mutuwa aka yi. Ban kira ba. Na san in ya ce a bari, na yi asarar kuɗin mota, kuma ba lada. Ba wani dalili bayan wannan. Na sha neman wani in ƙara a kai, ban samu ba.

Aka kira La'asar. Kowa ya miƙe, aka miƙo mini buta, na yi alwala tare da su. Masallacin yana nan gaba kaɗan. Da aka fara shiga, na kanga waya a kunne kamar ana kirana, na ja baya. Ina jin liman ya yi kabbara na dawo gindin dogon yaro. Ban tayar da injin ba, don ƙararsa za ta shiga sahu. Na cire giya na tura. Hanyar fita ɗaya ce, ta gefen masallacin, kuma yashi ne. Na wuce jerin takalman mutane ina nishi, ruwan alwala bai bushe a gemuna ba. Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki." Sai da na kai gonaki na murɗa mukulli.

A fili, da na buɗe bayan kujera, na tarar da rabin buhun gero, an surfe an wanke, da ƙullin sukari a kai. Geron gumbar sadaka ne, da alama bayan salla za a kai shi niƙa Shagari.

Alhaji ya ga buhun, ya sa na faɗa masa komai. Ya dube ni ya ce:

"Kai wane irin mutum na? Mi ya hana ka kira ni? Da sai in ce ka bari a yi bakwai."

"To, ranka shi daɗe, in maida shi?"

"Maida mi? Keken da ya shigo hili ya shigo. In na maida wanga, gobe kowa uban shi ya mutu. Ya zo da abin da ake bin shi, ya ɗauka." Ya ƙirga ladana ya ba ni. Na karɓa.

Da sassafe na ɗaure buhun a bayan kabu-kabu na koma Mandera. Na shirya wa zagi, har duka na shirya masa, kuma da an yi da na ji sauƙi. Na tarar an cika, ana addu'a, ana rabon gumba a faranti. Mata sun ari gero a maƙwabta sun daka da hannu. Na sauke buhun a bakin zaure.

Dattijon ne ya fara ganina. Ya yafito ni, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ka ga ɗan halas. Ɗana ya hwaɗa mani, jiya an kira ka ana salla, iyalinka ba lahiya, shi ya ce ka ɗauki keken ka yi sauri. Ya mai jiki?"

Na dubi mai keken. Yana zaune a wurinsa na jiya, yana kallon tabarma, bai ɗago ba.

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

"Alhamdu lillahi. To yaushe za ka kawo shi? Akwai mata 'yan gaisuwa da za a maida Lambara, tsohi na, ba su iya hawa babur."

"Gobe, in Allah ya so."

Ya sa aka ƙunsa mini gumba in kai wa mai jiki. Na sa a aljihu na fito.

Mutumin bai samu kuɗin ba. Albasarsa ba ta isa cira ba a lokacin, kuma jinya ta cinye abin da ke hannunsa. Bayan wata guda Alhaji ya ba wani ɗan Bodinga keken. Ban san ranar da dattijon ya daina jiran goben nan ba, ban kuma san abin da ɗan nasa ya ƙara gaya masa ba. Ban sake taka Mandera ba. In aiki ya faɗo ta can, cewa nake bayana ya tashi, a tura wani.