Sai da katifata ta jiƙe na gane kan magana

Shekarun baya na sha wata wahala da har yau in na tuna sai in ji kaina ya yi nauyi. Na yi dako a Idumota, na tura baro a Oshodi, babu wanda ya gajiyar da ni kamar jimla ɗaya tak da aka ce in rubuta.

Lokacin ina gadin wani sito a nan Agege ta Legas, na daɗe a bakin ƙofar nan har furfura ta fito mini a wurin. Sai masu siton suka danƙa gadin ga wani sabon kamfani. Sabon oga ya tara mu ya ce kowa zai zauna jarrabawa, insha'i mai sakin layi uku a kan aikin gadi, da Turanci ko da na bakin titi ne. Wanda bai ci ba ya ajiye kaki. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare. Ga yara a makaranta, ga gwiwoyin da ba za su sake ɗaukar buhu ba.

Matata ce ta tura ni ajin manya da ake yi Asabar da Lahadi bayan la'asar a bayan kasuwa. Malamar 'yar Filato ce, a haife na haife ta. Ta ce kowane sakin layi yana da jimlar da take ja masa gaba. Ta faɗi sunanta da Turanci, ya wuce ta saman kaina, sai ta ce, “Baba, ka kira shi kan magana. Abin da kake so ka faɗa, ka faɗe shi a layin farko. Sauran layukan su biyo shi da bayani.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ta ba mu aikin gida, me mai gadi zai yi in baƙo ya zo ba izinin shiga. Na zauna na cika shafi na kawo mata.

Ta karanta, ta cire tabarau.

“Baba, wa kake gaisarwa a nan?”

“Oga mana. Ba shi zai karanta ba?”

“To wannan sakin layi na biyu fa? ‘Har wa yau ina ƙara gaisuwa.’”

“Ai sabon wuri aka shiga, Malama.”

'Yan ajin suka yi ta dariya, har da wata tsohuwa mai sayar da ponmo, wato ganda, wadda ko sunanta ba ta gama iya rubutawa ba. Malama ta ce wannan ba wasiƙa ba ne. Ta ce oga yana da takardun mutane da yawa a gabansa, layin farko kawai zai duba, in bai ga magana ba ya ajiye.

Raina ya ɓaci. Na ce mata a inda na tashi, mutum ba ya faɗo wa babba da buƙatarsa kamar an jefo shi daga motar danfo. Sai ka yi sallama, ka tambayi gajiya, ka tambayi iyali, ka ɗan yi shiru, sannan ka ce daman. Wanda ya fara da abin da ya kawo shi, cewa ake ba a yi masa tarbiyya ba. Ta ce ta sani, su ma haka suke, amma takarda daban.

Haka muka yi ta yi. In na cire gaisuwa sai in sa godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. In ta soke wannan sai in sa tarihin yadda na fara gadi. Ita kuma ta ɗauki jan biro ta yi ta sauka ƙasa, ta yi ta sauka, sai can wajen gindin shafi ta ja layi ta ce, “Ga shi nan. Me ya sa ka ɓoye shi a nan?” Ba ɓoye shi na yi ba. Hannuna ne yake ƙi. In na rubuta magana tsirara a layin farko sai in ji kamar na shiga ɗakin surukina da takalmi.

Ana gobe jarrabawa aka wuni ana ruwa irin na Legas. Ina zaune a rumfar gadi ina cizon biro, sai ga abokina mai shayi, mutumin Maraɗi, maƙwabcinmu ne a gidan haya. Ya naɗe wando har gwiwa. Ya yi sallama, na matsa masa a benci.

“Ina wuni? Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Yaya aiki? Yaya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara.”

“Yaya lakwal? Malama tana lafiya?” Makaranta yake nufi.

“Lafiya lau.”

Ya tambayi gwiwata. Ya tambayi ko na ji labarin gida. Ya karɓi goro ya ɓare ya tauna. Ya kalli sama ya ce bana dai akwai damina. Sannan ya gyara zama.

“Daman uwargida ce ta aiko ni, wayarta ta jiƙe. Kwata ta ɓalle, ruwa ya shiga ɗakinku. Sa'ad da na fito ya kusa kai katifa.”

Na miƙe tsaye. “Tun ɗazu? Kana zaune kana cin gorona?”

“To mi zan yi? In faɗo maka haka nan ba gaisuwa?”

Na suri hulata. Na bar wa abokin aikina ƙofa na tari okada. Kafin in isa katifa ta sha, buhun garin kwaki ya zama kunu, matata tana tsaye a kan kujera da talabijin a ka. Ta dube ni ta ce, “Sai yanzu?”

Ina kwasar ruwa da bokiti ina zagin mai shayi a zuci. Da ya buɗe baki ya ce ruwa ya shiga ɗakinka, ai gwiwar da lakwal ɗin duk sai su biyo baya, a kan hanya ma ya tambaye ni. Ina cikin haka na tsaya da bokiti a hannu, don na ji muryar Malama ce take fitowa daga bakina. Wannan ya fi jiƙewar katifar ba ni haushi.

Har yau ban yarda cewa hanyar 'yan boko ta fi tamu ba. Mutum ya zo wurina ya fara da buƙata, ba na sake masa fuska. Abin da na gane kawai shi ne akwai mai jiranka da tabarma, akwai mai jiranka a tsaye. Mai karatu a tsaye yake. Kuma har gobe in na rubuta rahoto sai in ji kamar na yi wa wani rashin kunya.

Washegari na sa kakina da bai gama bushewa ba na tafi. Aka raba takardu. Na duƙar da kai na gaida oga a hankali yadda ba wanda zai ji, na tambayi iyalinsa da gajiyarsa, na amsa wa kaina. Sannan na danne biro na rubuta, baƙon da ba shi da izini ba ya wuce ƙofata. Sakin layi na biyu da na uku ma haka, haƙorana a cije. Oga ya karɓa a tsaye, ya kalli saman kowane sakin layi, bai ko kai ƙasa ba, ya ce in koma bakin ƙofa motar kaya tana jira.