Tankin da Na Ƙera wa Ƙanena

Ranar kasuwar Matameye ce, la'asar ta yi, ina zaune a rumfata ina liƙe gindin wata buta, sai wani mutum ya tsaya da jakinsa a gabana. Ya tambayi maƙwabcina mai gishiri, shi kuma ya nuna ni da haɓa.

"Kai ne wan mai babur?"

Na ce ni ne. Ya ce daga Dungu yake. Ya durƙusa ya shiga gaisuwa: ina gida, ina aiki, ina rana, ina iyali, ya sake komawa kan gida. Da na ga gaisuwar ta ƙi ƙarewa, sai na ajiye butar.

"Sai haƙuri, malam," in ji shi. "Wuta ce ta kama shi a hanya. Ya cika da azahar."

Na yi salati. Bayan haka na ɗauki butar na ci gaba da liƙi har na gama, don mai ita yana tsaye yana jira. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni babba, shi auta. Gidanmu gidan maƙeran fari ne, masu aikin dalma da tagulla da kwano. Ni na zauna a maƙerar mahaifinmu. Shi zama bai karɓe shi ba. Shekarun da Faransawa suka kafu a Damagaram ya tafi can, ya kama aiki wurin wani likita Bature, tun daga wankin kwalabe har aka koya masa yi wa mutane lamba saboda agana. Ya yi gemu, ya yi aure, ya samu 'ya mace, amma a bakin Inna bai wuce auta ba.

Maganin lambar nan ba ya son zafi. In an ɗauke shi a kan doki, kafin a kai ƙauyukan nesa ya lalace. Don haka likitan ya koya wa ƙanena hawa baburinsa, yana aikensa da akwatin maganin. Wannan ne babur na farko da ya shigo unguwarmu. Matsalar ita ce man da yake sha, esansi, ba a samunsa ko'ina sai Damagaram, tankinsa kuma ƙarami ne. Yakan ɗaura garwar mai a baya da igiya, ta yi ta karkacewa a cikin rairayi, ran nan har ta faɗi ta fashe ya turo babur yini guda.

Da sanyin shekarar ya zo mini da garwa biyu babu komai a ciki.

"Yaya, ciki na biyu za ka yi wa dokina."

"Dokin da ba ya cin harawa? Kai shi wurin masu shi."

"Masu shi sun ce sai an aiko daga ƙasarsu, wata shida. Na ce musu ina da wa wanda in ya liƙe abu, ko aljani ba ya fita."

"Ka cika baki da hannun wani."

"To na wa zan cika da shi? Nawa hannun ka sani, Baba ma ya haƙura da shi."

Na yi dariya, na karɓa. Gaskiya na ji daɗin maganar.

A gidanmu abu guda ake auna maƙeri da shi. In ka gama buta ko batta ko tulun mai, sai ka toshe bakinta, ka nutsa ta cikin kwatarniyar ruwa, ka hura iska ta hancinta. In ƙwayar kumfa ɗaya ta taso, mahaifinmu ba ya faɗa, ƙafa yake sawa ya take aikin, ka sake daga farko. Da wannan na tashi. Rami a jikin mazubi, komai ƙanƙantarsa, abin kunya ne.

Kafin in fara aiki na duba tankin Bature da kyau, ina son in ga yadda suka yi nasu. Da na kwance murfinsa na ɗaga shi sama, sai na ga haske yana ratsowa ta wani ɗan rami a tsakiya, kamar kafar allura.

"Zo ka ga aikin iyayen gidanka," na ce. "Sabon abu da huda. Kawo in ɗiga masa dalma."

"A'a, Yaya, bar wa Bature abinsa. In ya ga an taɓa, ni zai ci wa mutunci."

"Baba da ya ga wannan, da ƙafa zai take shi."

"Baba da ya ga babur ɗin ma, da gudu zai yi."

Na mayar da murfin yadda yake. Ban sake tunaninsa ba.

Kwana tara na yi ina aikin. Na yanke garwa biyun na ninka ƙarfen don ya yi ƙwari, na lanƙwasa shi daidai bayan sirdi, na liƙe kowace gaɓa ciki da waje. Na yi masa ɗan famfo na tagulla da bututu zuwa inda mai ke shiga inji. Murfin kuwa na fi ɓata lokaci a kansa, na sa masa zoben fata da ya sha mai, in ka murɗa shi sai ya kama kam. Na nutsa tankin a kwatarniya na hura har idona ya yi ja. Ruwa bai motsa ba. Na kira maƙwabta suka gani. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kafinsa ko bayansa.

Ya yi tafiya uku ko huɗu da shi cikin sanyi, har gabas da Magarya. Da ya dawo daga ta farko ya tsaya a maƙera.

"Tankinka yana da girman kai, Yaya. In na buɗe famfo sai ya ɗan zubo ya tsaya. Sai na sassauta murfi, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ba da mai."

"Alamar aiki ke nan. Ba ka saba da abin kirki ba."

"To ni dai na gane halinsa. In ina so in sassauta, in na gama in ƙulle."

Ya faɗa mini a fili, da bakinsa. Ni kuma yabo na ji a ciki.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce. Ya kwana a gida, zai bi ta Dungu ya wuce gabas. Bayan sallar asuba, gari da ɗan sanyi, ya cika tankuna biyun har baki da man da ya taho da shi daga Damagaram, ya murɗe murfi, ya fitar da babur ƙofar gida. Ya shiga yi wa Inna sallama, ita kuwa ta ce ba inda za shi. Ta sa an jiƙa gero za a yi masa fura ta guzuri, ba a ko daka ba.

"Inna, rana za ta yi."

"Ranar ta yi. Ba ɗan da na haifa da zai shiga daji da ciki wayam, ya je yana roƙon ruwa gidan mutane kamar marar uwa."

"Magani fa zai lalace."

"Kai shi gindin randa. Zauna."

Ya zauna. Akwatin magani ya samu inuwa a gindin randa, babur kuwa yana tsaye a ƙofar gida, inda babu ko itace. Ni na wuce shi na tafi kasuwa. Sai da rana ta kusa tsaka na ji ƙararsa daga rumfata, yana fita gari.

Mutanen Dungu sun yi masa sutura tun kafin mu isa, saboda zafi da kuma yadda jikin yake. Da muka je da safe, masu sharar gona da suka gani da ido suka ba mu labari. Sun ce yana tafe lafiya, sai suka hangi wuta a bayansa, kafin ya tsaya ta kama riga. Suka rufe shi da ƙasa suka kashe ta, suka ɗauke shi zuwa inuwa. Ya sha ruwa. Ya tambaya ko akwatin ya tsira. Bai bar saƙo ga kowa ba.

Babur yana nan kwance a gefen hanya, baƙi ƙirin. Na durƙusa na duba aikina. Cikin tankin ya kumbura kamar salka, gaɓar ƙasa ta tsage, leɓen ƙarfen ya juyo waje, daidai saman bututun hayaƙi. Murfin yana nan a ƙulle. Na ce a raina wutar ce ta yi masa haka. Likitan ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya a kan kabari da hularsa a hannu, ya sa aka ɗauke babur a kan amalanke. An ce ya rubuta cewa faɗuwa ƙanena ya yi.

Maganar faɗuwar nan ita Inna ta riƙe. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta kuma yi wa Allah butulci ba. Sai dai in mata sun zo gaisuwa, bayan an yi addu'a, takan ce, "Sauri yake yi. Ni na tsare shi." A ce mata kwana ne ya ƙare, ta ce haka ne, can ta sake cewa, "Da na bar shi ya tafi da asuba, da a hankali zai tafi." Daga ranar ba ta ƙara shan fura ba. In ana dakan ta a gida, sai ta ɗauki tabarmarta ta koma bayan ɗaki.

Da kaka, lokacin awon gyaɗa, wani mai tuƙa babbar mota ya zo rumfata. Tsohon soja ne, ya ga ƙasashe. Murfin tankin motarsa ne ya tsage a gefe, yana so a liƙe. Na ɗaga shi sama, na ga ɗan ramin nan a tsakiya.

"Wannan ma in toshe?"

"Kai! Rufa mini asiri, maƙeri. So kake ka mai da matata bazawara? Ta nan yake numfashi."

"Ƙarfe ne ke numfashi?"

"Man ne. Esansi ba ruwa ba ne, ba man gyaɗa ba ne. In rana ta buge shi tashi yake yi, yana neman hanya. Ka ba shi ƙofa kamar ta allura, ya fita salin-alin. Ka hana shi, ya yi wa kansa ƙofa inda ya ga dama. Na ga garwa ta fashe a rana ba wanda ya taɓa ta."

Yana ta zuba, yana dariya, bai san ko ni wane ne ba. Na liƙe masa gefen, na bar ramin. Da ya tafi na rufe rumfa tun rana na sama, na fita bayan gari na zauna a gonar wani har aka kira magariba.

Abin da na yi niyya shi ne in je in durƙusa gaban Inna in ce mata bai faɗi ba, ba sauri ya kashe shi ba, aikin hannuna ne. Na san za ta yafe mini, ba wannan nake tsoro ba. Amma Inna mace ce mai bin magana har gindinta. Za ta ce yaya aka yi, in ce rana ce ta bugi tankin. Za ta ce a ina ranar ta buge shi. A nan ne ban da amsar da za ta sauke mata kaya, don ta san inda babur ya tsaya tun asuba, ta kuma san abin da ya tsayar da shi. Ina so in karɓi laifin duka, ga shi ba ya ɗaukuwa duka. Na kai maganar wurin malamin unguwarmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ajali ba ya jiran rami a murfi, in yi istigfari in yi wa mamaci sadaka. Na ce to Inna fa, in gaya mata? Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ni na fi shi sanin uwata.

Sau ɗaya na kusa. Da hantsi ne, tana zaune tana tsince wake, 'yar marigayin tana barci a gefenta. Na zauna na ce, "Inna, akwai magana a kan tankin nan da na yi wa auta."

Ta ɗago. Rabon da in ga fuskarta ta saki haka tun kafin rasuwar.

"Ai ya yi ta faɗa," in ji ta. "Ya ce ko Turawa sun taru a kansa suna kallo. Ya ce Yaya ya fi su." Ta mayar da ido kan wake. "Ka kyauta masa. Kai dai ka sallame shi da alheri. Mene ne maganar?"

Na ce ba komai, tunawa na yi.

Na ce sai bayan salla, in hankalinta ya ƙara kwanciya. Salla ta wuce na ce sai an cire amfanin gona. Ina shiga ɗakinta kullum da safe in gaishe ta, in zauna kaɗan, in tashi. Da damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ita kwana shida, ni ne a kanta har ta cika. Ban gaya mata ba.