Inna Tumba, Mai Sauke wa Mata Kaya

Muna tsakar gida muna ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, Kawu Bello ya yi sallama ya shigo. Daga asibitin Birnin Kebbi yake. Ya durƙusa gaban kakata Ige ya ce, "Inna, sai haƙuri. Inna Tumba ta cika tun da hantsi." Duka muka ɗauki salati, ban da Kaka. Albasar da ke hannunta kawai ta ci gaba da juyawa.

Inna Tumba maƙwabciyarmu ce a nan Argungu, sa'ar kakata. Bandar kifi ce sana'arta. Amma abin da ya sa gidan makokin ya cika da tsofaffin mata, wasu har daga Augie, wani abu ne daban, kuma shi nake so in faɗa.

A zamanin Turawa an ɗebi matan garinmu aikin tilas, suna ɗaukar marmara a kwando zuwa inda ake gina hanyar mota. Kowa ya san mutum ba ya sauke wa kansa kaya mai nauyi, sai ya rusuna wani ya kama masa. A can, heluma mai tsaron aiki ya hana. Wadda ta tsaya kama wa 'yar'uwarta, bulala ce rabonta. Sai dai mace ta karkata wuya ta zubar, ta koma ta ɗauko wani. Har yau akwai tsofaffi a unguwarmu da wuyansu bai daidaita ba.

Duk Alhamis bayan la'asar Inna Tumba takan share tsakar gidanta, waɗannan mata su taru su yi da'ira. Babu ganga, babu waƙa, tafi ne kawai da dukan ƙasa da ƙafa. Mace ɗaya za ta aza gammo a ka, ba komai a kansa, ta zagaya a hankali irin tafiyar mai kaya. In ta gaji sai ta shiga tsakiya ta rusuna. Inna Tumba ce ke fara miƙa hannu, sauran su kama, su sauke mata kayan da ido ba ya gani, har suna nishi. Daga nan su murza mata wuya da kafaɗu, ta ɗaga kai sama, ta buɗe hannuwa, ta ja numfashi. Wasu kuka suke yi. Wasu kuma barci ke kwashe su a kan tabarma.

Ba kullum ake kuka ba. Na taɓa jin Gwaggo Kulu, wadda ta fi kowa surutu a cikinsu, ta shiga tsakiya tana cewa, "Ke Tumba, shirya, yau buhun gishiri na ɗauko!"

"Gishiri wane iri?" in ji Inna Tumba. "Tsegumin unguwa na kinka ɗauko, shi yaf fi marmara nauyi. Ku kama mata, jama'a, kada ya kashe ta!"

An yi ta surutu a kan Inna Tumba a gari. Wasu sun ce bori take yi a ɓoye. Ɗanta Umaru, da ke aikin gwamnatin jiha a Sakkwato, ya zo gida ya tarar da su, kunya ta kama shi. Ya ce, "Inna, Turawan nan sun tahi tun da daɗewa. Mi kuke ɗauka har yanzu?" Ta ce, "Sun tahi, ɗana. Amma da za su tahi ba su ce mu aje ba." Takan kuma ce, "Baki shina mantuwa, wuya ba ya yi."

Kakata ce kaɗai ba ta taɓa shiga tsakiya ba. Tana zuwa, ni ke riƙe mata hannu saboda bayanta ya tanƙware, amma bakin ƙofa take zama. Inna Tumba ba ta taɓa matsa mata ba. Sai dai in an tashi ta ce, "Ige, ina nan." Kaka ta ce, "Na ji."

Wata rana muna juya kifi a kan wuta, Inna Tumba ta gaya mini dalili. Kaka da goyo ta yi aikin nan. Ran nan rana ta yi zafi, jaririn ya yi ta kuka, daga baya ya yi shiru. Inna Tumba ce a bayanta cikin layi. Ta ga kan yaron ya langaɓe, ga heluma a gefe da bulala. Ba a bar kowa ya tsaya ba sai da rana ta yi sanyi. Da Kaka ta kwance goyon, ya riga ya sandare. Tun daga ranar ba ta ƙara ambatar sunansa ba. Ko mahaifina bai san ya taɓa samun babban wa ba.

"Kayan Ige na ranar nan bai sauka ba," in ji Inna Tumba. "Shi nike jira, in Allah ya ara mini kwana."

Allah bai ara mata ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan maza sun watse, matan suka zauna jugum a tsakar gidan. Sai Kaka ta saki hannuna. Ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta aza a ka, ta fara zagayawa tana jan ƙafa. Ba wadda ta yi tafi. Ta shiga tsakiya ta rusuna. Kowa na duban wurin da Inna Tumba ta saba tsayawa.

Gwaggo Kulu ce ta miƙe. Ta ce, "To ku tashi mana! Ko jira kuke ta dawo?" Suka taso duka, har da waɗanda ba sa iya ɗaga hannu sama da kafaɗa. Suka kama, suka sauke a hankali. Kaka ta zauna a ƙasa ta ce, "Sunanai Sanda." Ta faɗa, ta sake faɗa, sannan kukan ya zo.

Bayanta bai miƙe ba, kuma ba na jin zai miƙe. Inna Tumba kuwa, wadda ta jira wannan rana tun ƙuruciyarta, tana kwance a maƙabarta, ba ta gani ba.

Ya Allah ka jiƙan Inna Tumba, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sauke mata nauyin hisabi. Ka ba Umaru da ƙannensa da jikokinta haƙurin rashinta. Ka jiƙan Sanda, da duk waɗanda suka faɗi a bakin hanyar nan ba a san kabarinsu ba. Tsofaffin da suka rage kuma, ya Allah, kada ka bar ɗayarsu ta rusuna ta rasa mai kama mata. Amin.