Gidan da Sista Rebeka Ke Zuwa

Rebeka Hosea nas ce a wani asibiti a Jimeta, 'yar Numan, mazauniyar Nassarawo. Matsoraciya ce, ita ma ba ta musu. Tun shekarar da bam ya tashi a kasuwa aka yi ta kwaso musu mutane jina-jina, ko taya ce ta fashe sai ta dafe ƙirji. Amma wai ita ce ta zaɓi yin digirin digirgir a kan lafiyar matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan Boko Haram. Malaminta ma sai da ya tambaye ta ko ta yi shawara da gida.

Cikin matan akwai Zuhra, wadda ta fito daga daji da ciki, ta haifi Yusrah, ta kama ɗaki a unguwar Ajiya tana sayar da awara. Abin da unguwa ta sani, mijinta ya rasu a hanyar Mubi, shi ke nan. Duk ranar da aka gane ko 'yar wa ce Yusrah, to zamansu a unguwar ya ƙare. Rebeka ta rantse mata ba mai jin sunanta, kuma ta cika alkawari. A rubutunta ta sauya suna, ta sauya gari, har sana'ar ma ta sauya.

Maganar rakiya ce ba ta kawo a ranta ba. Zuhra ba ta barin baƙo ya fita shi kaɗai. Duk zuwa sai ta riƙe mata jaka har bakin titi, suna tafe suna gaisawa da mai shago da matan bakin famfo. Kowa ya san Sistar Zuhra.

Da ta kammala karatun, wani gidan talabijin ya gayyace ta. Ta sha ɗaurin ɗankwali, ta yi bayani tiryan-tiryan, har ta ce ta yi shekaru tana bin matan nan gida-gida a Yola da Jimeta. Sai da ta koma gida tana cire ɗankunne ta tuna abin da ta faɗa. Ta kira Zuhra, waya a kashe.

Washegari ta nufi Ajiya. Mai shago ya amsa gaisuwarta bai ɗago ba. Matan famfo suka kau da kai. Tiren awara na ƙofar gida a cike, ba wanda ya saya.

"Adda Zuhra, Allah ne shaidata, ban faɗi sunanki ba."

"Na sani, Sista," in ji Zuhra, tana cusa kaya a buhu. "Fuskarki suka gani."

Sai ga Yusrah daga ɗaki da kayan makaranta, ga shi ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Ta kama hannun Rebeka.

"Anti, yara sun ce kar in zauna kusa da su, wai babana yana yanka mutane. Ke kin san babana?"