Lissafin Rabi da Gonar Malam Bukar

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta. Allah Ya jiƙanta da rahama. A jami'a Dakta ake ce mata, malamar ƙididdiga. A gidanmu kuwa, can wani ƙauye yamma da Ɗanbatta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta wuce Rabi mai gardama ba. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba. Abin da ya tayar da ni shi ne, maganar da ta ƙarar da ƙarfinta wajen kashewa ta sake tsirowa, kuma a gonata ta tsiro.

A gefen garinmu akwai unguwar mutanen da kakanninsu suka zo daga Barno tun kafin a haifi mahaifinmu. Masallacinmu ɗaya, maƙabartarmu ɗaya, amma har gobe baƙi ake ce musu. Ƙasa ta yi mana kaɗan, gona a jikin gona, don haka yawancinsu aro suke nomawa. Daga bara zuwa yau satar awaki ta yi yawa, an kuma fasa rumbuna. Sai dattawa suka zauna suka yanke cewa duk mai gona a hannun baƙo ya karɓe ta kafin ruwan shuka. Tawa ta bakin rafi tana hannun Malam Bukar, tsoho mai tarin iyali, wanda ba shi da wata sai ita.

An taɓa yin irin wannan zama Rabi na raye. Hujjarsu a lokacin ita ce ƙararrakin da ake kaiwa wurin 'yan sanda: duk inda baƙi suka fi yawa, can ƙara ta fi yawa. Da na ba ta labari sai ta ce, "Yaya, an zuba ƙauyukan nan duka a tukunya ɗaya an dama, yaya za a san ɗanɗanon kowanne?"

Ta ɗauki hutu ta dawo gida, ta yi ta yawo gari-gari a bayan babur, har Inna ta fara cewa 'yar nan ta koma tallan tambaya. Maimakon lissafi guda na yankin gaba ɗaya, kowane ƙauye ta yi masa nasa, tana la'akari da ƙauyukan da ke kusa da shi fiye da na nesa. Sai ga shi abin da ke jawo sata a nan ba shi ke jawo ta can ba. A garuruwan bakin titi, ranar kasuwa take bi, lokacin da gidaje suka zama wayam, motoci kuma na wucewa. A na can ciki, tsakiyar damina take bi, idan rumbu ya kusa ƙarewa. Zancen baƙi kuwa, a wani wuri ya nuna kai, a wani ya ɓace ɓat.

Dalilin da ta gano duk mun san shi, faɗinsa ne ba ma yi. Mu nan ba a kai ɗan gida hukuma, abin kunya ne. Akuya ta ɓata, a zaure ake kashe maganar: a kira uban yaro, a mayar, a rufa asiri. Amma da zarar zargi ya faɗa kan baƙo, sai ofis. Ashe ba ɓarayi aka ƙirga ba, waɗanda ba su da mai rufa musu asiri aka ƙirga.

Ranar da ta faɗi haka a gaban dattawa, wani ƙanen mahaifinmu ya daka mata tsawa: "Ke ce za ki koya mana garinmu?" Ta durƙusa da ladabi ta ce, "Baba, don ni 'yar garin ce shi ya sa na san zauren." An bar wa mutane gonakinsu a shekarar, amma akwai waɗanda ba su ƙara amsa gaisuwarta ba.

Da tana nan yau me za ta ce? Na tabbata za ta fara da cewa tsohon lissafinta ma ya tsufa, tunda an yi sabuwar hanya, babura sun cika ko'ina, a sake bi ƙauye-ƙauye. Ba ta taɓa cewa babu ɓarawo a unguwar su Malam Bukar ba. Akwai, kamar yadda yake a tamu. Abin da ta ƙi shi ne a yi wa unguwa guda kuɗin goro. Ina kewarta ƙwarai, ina kuma jin haushin yadda muka yi saurin mantawa.

Makon jiya Malam Bukar ya zo da kansa, kansa a sunkuye. Ya ce, "Alhaji, ka karɓi gonarka, kada a tsane ka saboda ni." Na ce, "Malam, ka fara kai taki, ruwa ya kusa."

Ban gaji lissafin Rabi ba, ko rabinsa ban fahimta ba. Abin da ta bar mini shi ne, in an ce su wane ne ɓarayi, in tambaya a ina, kuma wa ya kai ƙara. Dattawa sun aiko cewa in na ƙi bin shawara kada in sake zama cikinsu. Na ji, na kuma gode. Jiya da hantsi amalanken Malam Bukar ya sauke takin farko a bakin rafi, ni na riƙe masa shanun.