Na Ga Kifi a Gidansa

Bin Omran

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ranar wata Asabar a tsakiyar sanyi, ni da Bulus. Bulus nas ne, mutumin Kagoro, maƙwabcina a unguwar Bin Omran da ke ƙasar Larabawa, kuma shi ya shekara yana kwaɗaita mini nutso da tukunyar iska. Sau biyu muna shiri iskar shamal tana rusa mana, don in ta taso jirgi ba ya fita. Wannan ce damata ta ƙarshe: kwantiragina na gadi ya ƙare, mako mai zuwa ina gida Yawuri.

Ba don kaina kaɗai na matsu ba. Babana masunci ne, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Da na gaya masa shirina a waya cewa ya yi, "Ka buɗe ido da kyau, Sani. Ina jiran labari."

Tun daga gida nake waƙa a mota, har Bulus ya ce in ban yi shiru ba zai ajiye ni a shataletale.

Al Wakrah

Gari na wayewa muka isa tashar jiragen masunta. Teku lumui, alhamdu lillahi! Muka kora shayin karak mai zafi, sannan aka miƙo mini rigar roba mai kauri. Jama'a, sai da ƙarti biyu suka taru suka cusa ni ciki kamar ana ɗura gero a buhu.

Malamin nutson wani Bamisre ne mai furfura, kowa Kyaftin yake ce masa. Ya ce lokacin sanyi ruwa ya fi garau, amma zai cije ni. Ya koya mini numfashi da baki da toshe hanci in hura saboda kunne. Sai ya ɗaga yatsa.

"Ba a taɓa komai a ƙasa. Wasu na da dafi, wasu kuma hannunka ne dafinsu. Ka taɓa, shi ke nan, mu hau sama, ba komawa."

Na ce wa Bulus da Hausa, "Ji mutum! Ni za a koya wa zama da kifi?"

"Kai ɗin nake tsoro ai, ɗan Sarkawa," in ji shi.

Ƙarƙashin ruwa

Jirgi ya kai mu cikin teku, Kyaftin ya ce yalla, wato mu je, na faɗa. Wayyo! Sanyi ya ratsa ni har haƙori. Muka bi igiya a hankali, kunnena ya yi ƙara ya buɗe, sai ga duwatsun murjani shimfiɗe a gabana, tas, kamar an wanke.

Kai! Kifaye shuɗaye masu ɗigon rawaya a gefe, wasu faffaɗa kamar faifai suna bin mu a baya don gulma. Wani abu ya tashi daga cikin yashi kamar tabarma ya yi gaba da wutsiyarsa. Dariya ta kama ni, ruwa ya shigo gilashin fuskata, na fyace shi yadda aka koya mini, na sake wata dariyar.

Sai na hango shi. Hamur, ƙato, mai dabbare-dabbare, kusan giwan ruwanmu, kwance a bakin raminsa. A gidanmu tun kana yaro ake koya maka lalube: ka ji kifi a rami, hannu ya riga tunani. Wallahi ban aiki hannuna ba, da kansa ya tafi. Saura ɗan taki in cafki marfin kunnensa sai na ji an damƙe wuyan hannuna. Bulus ne, idanunsa kamar za su faso gilashi.

Kyaftin ya juyo. Na ce shi ke nan, zan koma wa Baba da rabin labari. Nan take na cusa hannuwana biyu a hammata na ƙame. Ya daɗe yana dubana, sannan ya nuna mini hamur ɗin, ya nuna idonsa.

Na kalla. Hamur ɗin ya wangale baki, wani ɗan mitsitsin kifi ya shiga, ya tsince masa haƙora, ya fito lafiya lau. Shi kuwa gogan ya juyo da ido ɗaya yana kallona, ko gezau.

Gida

Da azahar muna Bin Omran. Ko gishirin jikina ban wanke ba na kira Yawuri, ina zuba ba numfashi.

"Ka kamo shi?" Baba ya katse ni.

"A'a, Baba. Kallo kawai aka yarda."



"Tun ina yaro nake nutso," ya ce. "Ruwanmu ja ne, hannu ne idonmu. Ban taɓa ganin kifi a gidansa ba, sai a hannuna yana mutuwa. Ka ce ya kalle ka?"

"Ya kalle ni, Baba."

Daɗi da hawaye suka haɗu mini. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Bulus da ya riƙe hannun nan.

"To, koma farko," in ji Baba. "Daga wajen igiyar. Kada ka yi sauri."