Ranar da Inna Ta Kira Sunan Uwais

Uwais mai gadi ne a wani gida a Al Aziziya, kuma duk cikin Hausawan Doha babu wanda ya kai shi zargi. Ko dabino ka miƙa masa, sai ya juya shi ya duba. Ba na ganin laifinsa. Kafin ya samu zuwa nan, wani ejan ya taɓa yi masa sakiyar da ba ruwa, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma gudu yake yi.

Shi ɗan fari ne. Mahaifiyarsa Inna, can Gumel, kunyar ɗan fari take masa irin ta mutanen da: ba ta faɗin sunansa, ba ta amsa masa kai tsaye. In ya buga waya ya gaishe ta, sai ta ce wa ƙanwarsa Safura, "Ki ce wa wancan lafiya lau." Abin yana masa ciwo tun yana yaro, bai dai taɓa faɗa ba.

Ran nan da hantsi yana bakin ƙofa, saƙon murya ya shigo daga baƙuwar lamba. Muryar tsohuwa ce: "Uwais. Uwaisu ɗana. Ka zo gida in gan ka."

Ya sake kunna saƙon. Mutala, direban gidan, ya ce, "Kira gida mana ka ji."

"Khalas, shi ke nan, na gano su, 'yan damfara ne," in ji Uwais. "Yanzu da na'ura suke kwaikwayon murya. Amma sun yi kuskure."

Ya danna ya mayar da amsa: "Kai ɓarawo, sake dabara. Uwata ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba kuwa yau za ta fara ba."

Bayan la'asar Safura ta kira shi.

"Yaya, muna asibiti. Wayata ce ta mutu ɗazu, muka ari ta wata nas. Za a shiga da Inna tiyata, ta ce a ba ta ta yi maka magana da bakinta."

"Ta ji amsata?"

"Ta ji."

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, ki ce wa wancan ya yi gaskiya."

Inna ta tashi, Allah ya ba ta lafiya. Uwais ya roƙi hutu ya tafi Gumel, ya durƙusa a gabanta yana kuka. Ta kau da kai, ta ce wa Safura ta kawo wa baƙo ruwa.